Ƙwayar da Ba a Dakawa

"Wannan ba a dakawa, Inna."

"To yaya zai haɗiye?"

"A harshe take narkewa, jiki ya ɗauka da wuri."

Mai kemis ne da matar wani tsohon direba ke magana. Shekara shida, tun da ɓarin jikin mijinta ya shanye, ita ke murƙushe masa ƙwaya da bayan cokali, tana ba shi kaɗan-kaɗan suna hira. Lokacin ne kaɗai yake sakin baki.

Ta koma gida, ta miƙa masa sabuwar ƙwayar. Ya ƙi karɓa.

"An sallame ki ke nan, likita?" ya ce, yana dariya da gefen baki. "Ɗora min da hannunki. Ki zauna ko bayan ta narke."