Masu Dubiyar Gwaggo Larai

A Wurma babu gidan da ƙafar Gwaggo Larai ba ta taka ba. In an yi haihuwa ita ke dama kunun kanwa, in an yi mutuwa ita ke kan tukwane, in kuwa wani ya kwanta, ko da ciwon haƙori ne, sai ka hango ta da mayafi a kafaɗa da ƙullin daddawa a hannu, ta tafi dubiya. Daddawar ce sana'arta, tana kaiwa Dutsin-Ma ranar kasuwa. Katanga ɗaya ta raba gidana da nata, warin kalwarta har ƙuryar ɗakina. Na sha tsokanarta cewa ko aljanna aka sa ta sai ta nemi izini ta leƙa maƙwabta. Takan yi dariya ta ce, "Ke Huseina, in ban tahi ba wa za ya tahi?"

Mijinta ya rasu tun yara na ƙanana. Da kalwa ta rene su, matan suka yi aure suka watse, ya rage sai autanta Badaru, magidanci ne ɗan acaɓa. Shi ya matsa aka kai ta babban asibiti a Katsina lokacin da ƙullutun da ta daɗe tana ɓoyewa a nono ya fashe. Aka ce ciwon daji ne, aka fara ba ta wani magani mai ƙarfi ta cikin ƙarin ruwa, irin wanda ke zubar da gashi.

A can akwai wata likita, Dakta Hafiza, mai bincike a kan jinin masu karɓar wannan magani. Ta nemi yardar Gwaggo, duk zuwa takan ɗebi jini kaɗan ta ƙirga fararen ƙwayoyin da ke ciki, don a gane lokacin da suka fi raguwa. Na taɓa raka su, na ji bayaninta da kunnena.

"Inna, fararen ƙwayoyin nan su ne masu gadin jikinki, duk cutar da ta shigo su ke tare ta. To maganin ba ya tantancewa, yana kashe dajin yana kashe su. Naki sun yi ƙasa ƙwarai. Kafin su farfaɗo, murar da wani zai yi ya miƙe, ke tana iya kai ki ƙasa. Kada ki shiga taro, kada a cika miki ɗaki. In kin ji zazzaɓi a kawo ki nan take."

Gwaggo ta ce, "To ɗiyata, masu dubiya hwa?"

"Su yi haƙuri, su yi miki addu'a daga gida."

Badaru ya jingine babur, ya shimfiɗa tabarma a zaure ya zama mai gadi. Labari kuwa ya riga ya bazu. Daga Kurfi, daga Karofi, daga Dabawa, duk wanda Gwaggo ta taɓa dubawa ya ɗaura niyyar ramawa. Badaru ya riƙa tare su yana ba da haƙuri, har da durƙusawa. Mutanenmu kuwa, Allah ya shirye mu, ba a rasa mu da abin faɗa. Wasu suka ce ɗan zamani ya kulle uwarsa, wasu suka ce ciwon na kunya ne shi ya sa ake ɓoye ta. Ni da nake gaishe ta ta kan katanga, har ni aka ce na yi watsi da maƙwabtaka.

Ita ce ta fi kowa shan wuya. Tana kwance tana jin sallamar muryoyin da ta sani, tana jin ana mayar da su. Ta taɓa ce mini cikin kuka, "Huseina, wance tun daga Karofi ta taho, ko ruwa ba ta sha ba. Da wace huska zan dube ta?"

Sai ga yayanta Malam Tukur daga Kurfi, da iyalinsa cike da mota. Ina jin muryarsa daga tsakar gidana.

"Kai Badaru, ni za ka hana in ga ƙanwata? Ciki ɗaya muka hito. Ko likitar ce ka raya mutum?"

Badaru ya fara, "Kawu, don Allah…" sai Gwaggo ta ɗaga murya daga ɗaki. "Bar su su shigo. In na isa da kai, bar su."

Shi ke nan. Tunda an bar wani, da wane baki za a hana wani? Kafin la'asar ɗakin ya cika har bakin ƙofa, ga takalma zube. Matar Malam Tukur, Nana Fatima, ta sauke jikarta mai tari da majina ta ɗora wa Gwaggo a cinya don Gwaggo ta sa mata albarka. Zan faɗi gaskiya ko da tana min ciwo: tunda ta kwanta ban ji dariyarta irin ta ranar ba.

Zazzaɓin ya zo bayan 'yan kwanaki. Ta ɓoye, don ta san in ta faɗa za a sake rufe ƙofa, a kuma ɗora wa yayanta laifi. Ta lulluɓa da bargo ta ce barci take ji. Sai da Badaru ya ga haƙoranta na haɗuwa, numfashi na sama-sama, sannan aka nemo mota. A Katsina suka ce cutar ta riga ta shiga jini, kuma babu abin da ya rage a jikin da zai tare ta. An yi allurai, an sa mata iska, duk a banza, can ta rasu. Dakta Hafiza ta gaya wa Badaru cewa dajin kuwa da ma ya fara ja da baya.

A zaman makoki gidan ya cika fiye da ranar da su Malam Tukur suka zo. Ina gefe ina raba ruwa, raina a ɓace, lokacin da Badaru ya shigo cikin gida mata su yi masa gaisuwa. Ya tsuguna, kansa a ƙasa. Nana Fatima ta share hawaye da bakin mayafi, ta dubi matan ta ce:

"Alhamdu lillahi da muka samu muka dubo ta. Da mun biye ma yaron ga, da ta tahi ba mu gana ba."

Mata suka amsa, "Wallahi kuwa." Nana Fatima ta juyo ta ce wa Badaru Allah ya ba da haƙuri.

Badaru ya ce, "Amin, Inna. Mun gode da zumunci."