Wata Uku Ina Ɓoye Ƙwayar Cikin Randa

Shekara talatin da wani abu ban faɗa wa kowa wannan ba, in ban da maigidana. Ko ɗiyata Rakiya yau za ta fara jin sa.

Lokacin ina da shekara talatin da uku, ina taimakon mata wajen haihuwa a ƙaramin asibitin ƙauyenmu, kusa da Buza. Bayan farin nan na tamanin da huɗu ne. Ƙyanda ta riga ta ɗauke mini yara biyu, Rakiya kaɗai ta rage.

Ina wanka na ji ƙullutu a nonon hagu, kamar ƙwallon magarya. Ba ya ciwo, shi ya sa na ƙyale shi har damina ta wuce.

Da na je asibitin Madawa aka tura ni Tawa, daga Tawa sai Yamai. Maigidana ya sayar da albasarsa tun ba ta yi daraja ba. Aka ɗebi tsoka aka aika awo. Da sakamako ya dawo, aka ce ciwon daji ne, aka cire nonon gaba ɗaya.

Ranar sallama likita ya ajiye mini kwalayen wata ƙwaya fara. Ya ce ciwon nawa yana samun ƙarfi daga sinadarin da jikin mace ke yi, ita ƙwayar tana tare masa hanya.

"Kullum, shekara biyu. Amma kada ki ɗauki ciki kina shan ta."

"In ban sha ba fa?"

"Yana iya dawowa. In kin sha ma ban yi miki alkawari ba, sai dai kin rage masa hanya."

Ni ɗa nake so. Hannuna ke karɓar na wasu kusan kowane mako, ni kuma a ce in jira shekara biyu, ba tabbas.

Na sa kwalayen cikin tsohuwar randa, na rufe da tsumma. Duk safiya maigida zai ce, "Uwar Rakiya, kin sha?" In ce na sha. Wata uku ina yi masa ƙarya.

Sai al'adata ta ɗauke.

Na yi tsammanin zan yi murna. Maimakon haka na koma laluben tabon aikin da hammatata sau goma a wuni. Duk tarin da na yi, in ce ciwon ya kai huhu. Na karɓi haihuwar wata mata hankalina na wani wuri, har uwarta ta tambaye ni ko zazzaɓi nake.

Dole na faɗa wa maigida ban taɓa shan ƙwayar ba, ga kuma al'ada ta ɗauke. Muna gindin rumbu, yana gyaran igiyar jaki. Bai ɗaga murya ba.

"Ni na gina kabarin yara biyu," ya ce. "Ban iya na ukku in na uwassu ne. Amma jikinki ne. Mu tahi a duba."

A Madawa aka karɓi fitsarina aka ce mu dawo bayan kwana huɗu. Abinci bai shiga ba. Ban ma san me zan roƙi Allah ba, sai na riƙa cewa Ya zaɓa mini.

Malamar awon ta ce, "Babu ciki. Wahalar da jikinki ya sha ce ta rikita al'adar."

Numfashin da na sauke ya ba ni kunya. Sauƙi na ji. Nan na gane rayuwa nake so, in ga girman wadda ke hannuna.

Muna komawa na buɗe randar. Na sha ta farko a gabansa.

Ba daɗi. Zafi ya riƙa taso mini daga ƙirji har fuska, in jiƙe da zufa cikin sanyi. Raina ya riƙa ɓaci ba dalili. Duk wata shida mu hau mota zuwa Yamai a duba ni. Na cika shekara biyun.

Ban sake haihuwa ba. Har yau wani lokaci abin yana sosa ni, ba zan ɓoye ba. Ciwon kuma bai dawo ba. Ko ƙwayar ce, ko kwana ne ya rage, Allah ne masani.

Na gode wa Allah. Na gode wa maigidana, Allah Ya haskaka kabarinsa, bai taɓa goranta mini ƙaryar nan ba.

'Yan'uwana mata, in kin ji ƙullutu, je a duba cikin makon nan. In an ba ki irin wannan ƙwayar kina son haihuwa, faɗa wa likita ƙarara, yanzu akwai shawarwarin da ba mu samu ba. Ki sha ko kada ki sha, naki ne. Amma kada ki yanke ke kaɗai, a ɓoye, kamar yadda na yi.