Ƙwan da Na Zaɓa a Gidan Abincin 'Yan Filifin

Inna lillahi! Malamai 'yan'uwana, yau tsantseni ya jefa ni cikin abin da nake gudu.

Injiniya ɗan Filifin, mai aikin hanyar Faskari, ya gayyace ni gidan abincinsu. Aka lissafo kaza da naman sa, amma ba wanda ya san mayankinsu. Na ce a kawo dafaffen ƙwai.

"Malam ya iya zaɓe!" in ji Injiniya. "Huda samansa, ka kurɓe ruwan."

Na yi bisimilla, na kurɓa. Ina ɓarewa sai ga mataccen ɗan agwagwa a cikin ƙwan, har da baki da gashi!

Ruwan mushe ya wuce maƙogwarona, kuma gobe ni ke jan Juma'a. Wanda ya taɓa ganin mas'alar a littafi, don Allah ya aiko mini kafin hantsi.