Ranar da Takwas Ya Yarda da Takarda

Takwas ake ce masa, domin yatsun da suka rage masa ke nan. Biyun injin masaƙa ne ya cinye su yana da shekara ashirin da shida, kuma kafin raunin ya warke aka miƙo masa takardar sallama, wai sakacinsa ya tsayar da aiki na awa uku. Da wani ne, da ya koma gida ya rungumi ƙaddara. Shi kuwa, da yake Allah ya zuba masa taurin kai, shekara shida ya yi yana sintiri tsakanin ofishin ƙwadago da kotu, har ya haddace dokar ma'aikata fiye da magatakardan da ke ɗage masa zama. Diyyar da ya samu ba ta taka kara ta karya ba, keken ɗinki kawai ta saya wa matarsa. Amma labari ya bazu cewa akwai mutumin da ya ja da masaƙa kuma yana nan da ransa.

Tun daga nan ɗakin da ke bayan shagon matarsa ya zama ofis. Benci ɗaya ne a ciki, da tebur mai ƙafa uku da bulo ya cike ta huɗun, da rufin da ke yoyo daidai kan kujerarsa. Duk ma'aikacin da aka zalunta sai ya riƙo yadi a hannu kamar ya kawo ɗinki, ya ratsa ta shago, ya shige. Takwas yana da doka guda wadda bai taɓa karyawa ba cikin shekara ashirin da biyu: ba ya rubuta sunan kowa. Laƙabi yake ba su, Dogon Rini, Mai Tari, Uwar Tagwaye, sauran bayani kuma yana cikin kansa. In ya yi ɗan rubutu don tuni, kafin magariba ya ƙone shi.

"Takarda ba ta da amana," in ji shi. "Duk wanda ya ɗauke ta, shi take yi wa magana."

Sai tari ya shigo sashen rini na masaƙar. An sauya sinadarin da ake aiki da shi, aka samo mai araha, kuma cikin shekara guda rabin mutanen sashen suna tari irin wanda ke tsayar da hira. Wannan ya fi ƙarfin haddar Takwas. Ana bukatar gwajin asibiti da lauya na gaske, shi kuwa ko kuɗin gyaran rufi ba shi da su.

Babbar 'yarsa, wadda ta gama jami'a, ita ta gano wata gidauniya mai tallafa wa masu fafutukar haƙƙin talakawa. Ta cike musu takardu, bayan wata biyar sai ga jami'arsu ta zo. Yarinya ce mai ladabi, ta zauna a bencin nan ba ta ko kakkaɓe shi ba, kuma da ta ji tarin Mai Tari, hawaye ta yi na gaskiya. Abin da ke ba ni haushi ke nan a labarin nan: babu mugu ko ɗaya a cikin waɗanda suka kawo taimakon.

Za su biya gwaji, za su biya lauya, har da rufi. Sharaɗi ɗaya ne, rajista: cikakken sunan duk wanda ya amfana, da sashen da yake aiki, da lambar waya, da sa hannu.

"Don masu ba da gudummawa su tabbata mutanen gaske ne, Baba," in ji jami'ar.

"Wa zai gani?"

"Ofishinmu kawai. Sirri ne."

Takwas ya ce a kai kasuwa. Mako uku 'yarsa tana magiya yana toshe kunne, har ranar da aka kwashi Mai Tari ranga-ranga daga bakin tukunyar rini zuwa asibiti. Da yamma matarsa ta tsayar da keke, ta leƙo.

"Malam, kowa ya ci ladan kuturu ai sai ya yi masa aski. Ko sai sun mutu za ka rubuta sunayen a kan kabari?"

Ranar Asabar suka yi layi a cikin shago, mutum talatin da ɗaya. Waɗanda suka fi yarda da shi su suka riga sa hannu, Dogon Rini a kan gaba. Uwar Tagwaye, wadda mijinta ya rasu ya bar ta da yara biyu 'yan firamare, ta karɓi biro tana dariya.

"Baba, yau dai za ka san sunana na yanka!"

Kowa ya yi dariya ban da shi. 

Aka yi gwaji, lauya ya fara aiki, rufi ya daina yoyo. Ƙarshen shekara gidauniya ta gayyace shi taron godiya ga masu ba da gudummawa, a wani babban zauren otal mai sanyi kamar cikin firji. A kan kowace kujera an ajiye littafin rahoto mai sheƙi. Ya buɗe nasa, ya ga hotonsa, an ɗauko hannun nan sosai. Ya ci gaba da buɗawa. Can a shafukan ƙarshe, ƙarƙashin taken shaidar aiki, sai ga rajistarsa an buga ta yadda take, har da inda biron Uwar Tagwaye ya yi dabbare.

Bai gama haɗiye wannan ba aka fara kiran manyan masu bayarwa. Na uku da ya hau dandamali ɗan mai masaƙa ne, wanda yanzu shi ke riƙe da kamfanin. Bayan taro har inda Takwas yake ya tako, ya kama hannunsa da hannu biyu, littafin yana maƙale a hammatarsa.

"Aikinku yana burge ni, Baba. Rahoton nan sai na karanta shi daga farko har ƙarshe."

Mako biyu shiru, har 'yarsa ta fara cewa tsoron banza ne. Ranar Litinin ta uku aka sallami Dogon Rini, wai ya yi latti sau biyu. Ranar Alhamis aka sallami wani, wai safar hannu ta ɓata a wurinsa. Litinin ta gaba, wata mata, wai rage ma'aikata ake yi. Kowa da laifinsa daban, kowace takarda tsaf, lauya ya juya su ya rasa inda zai kama. Takwas kaɗai ya ga abin da ke faruwa, domin kan da ya riƙe sunaye shekara ashirin da biyu ba zai manta layin Asabar ɗaya ba. Bi da bi ake tafiya, duk Litinin da Alhamis, daga saman shafi zuwa ƙasa, ba a tsallake kowa.

Ya kira jami'ar. Ta yi salati, ta yi ta ba da haƙuri. Sabon ma'aikaci ne ya haɗa rahoton, an cire rahoton daga intanet, an kuma kafa kwamiti. Littattafan da aka riga aka raba fa? Sai ta sake ba da haƙuri.

Masu riƙo yadi suka ɗauke ƙafa. Matarsa ta daina haɗa ido da shi, shi kuwa bai ga laifinta ba, don da hannunsa ya miƙa biron. Kunya da baƙin ciki suka hana shi cin abinci.

Wata Talata da safe 'yarsa ta ajiye masa wasiƙa a tebur, ta fita sumsum. Gidauniya ta yaba da aikinsa, ta sabunta tallafi, ta haɗo da sabuwar rajista mai layi sittin. Yana zaune yana kallon fararen layukan sai ga Uwar Tagwaye ta shigo da ƙunshin kaya a hannu. Ta rame, dariyar nan babu. Ta gaishe shi, ta yi tari, ta jira ya lafa.

"Baba, mun lura a wurin aiki. Kada ka ɓoye mini. Ni ce ta nawa?"

Ya so ya ce ya manta, amma ta san shi.

"Ta goma sha biyu."

"Wanda aka kora jiya fa?"

"Na goma sha ɗaya."

Ta gyaɗa kai. "Jibi ke nan."

Ta kwance ƙunshin, ta miƙa wa matarsa da ke tsaye a bakin ƙofa. Kayan makarantar tagwaye ne.

"Inna, wannan karon ɗinkin gaske na kawo. A sake musu kalmasa, a ƙara tsawo, bana ba zan iya sayen sabo ba."

Sannan ta dubi agogon bango, ta miƙe da sauri.

"Bari in tafi, Baba, kada in yi latti in sauƙaƙa musu."