Baba Arzika da Koren da Rana Ba Ta Ci

Kafin rana ta hau kan dutsen Kwatarkwashi, Baba Arzika ya riga ya buɗe marinarsa. Yakan zura muciya ya motsa, ya lakato kumfar da yatsa ya sansana. Da hanci yake sanin ko baba ya nuna. Shekara arba'in ke nan yana haka, har shuɗin ya zauna masa a hannu, sabulu ya haƙura. Bana, 1959, ya ce baya ya gaji, zai bar wa ƙanensa Bawa karofin, wato ramukan rinin.

Aikinsa na ƙarshe ni na kai masa. An zaɓi tutar da ƙasarmu za ta ɗaga ranar samun mulkin kai, kore da fari da kore, kuma shugabar makarantarmu ta 'yan mata a Gusau, inda nake koyarwa, tana so yara su ga irinta kafin hutu. Sai dai hoton jarida baƙi da fari ne. Na karanta masa bayanin: koren noma ne, farin kuma zaman lafiya.

Ya daɗe yana kallon takardar. "Ɗiyata, wane noma? Koren gyaɗa daban, na auduga daban. Gero ma kala ukku garai kahin ya yi kai."

Ban taɓa tunanin abin tambaya ne ba.

Manoman Bungudu sun gan shi a fadama yana tsinkar ganye yana ɗagawa a rana. Wani makiyayi a 'Yankuzo, wajen Tsafe, ya ce masa kore ɗaya ne a duniya, na ciyawar ruwan farko, sauran duk kwaikwayo ne. Baba ya saurari kowa, ya tsaya a kan ganyen dawa, don ita ce ba gidan da ba ta shiga.

Sannan ya faɗa mini abin da ke damunsa. Marini ba shi da kore a rami. Sai ya tsoma zane a baba, ya sake tsomawa a rawaya. Rana kuwa rawaya take fara ci. Idan aka yi gaggawa, wata guda a kan sanda tutar za ta koma shuɗiya, kalar tutar Turawa da za a sauke, kuma a ce aikin Arzika ne.

Ya rina ƙyallaye tara, kowanne da irin haɗinsa, ya shanya a kan dutse kwana arba'in. Abokan wasansa mahauta suka riƙa tambayarsa ko birai yake wa wanki. Shugaba ta aiko sau biyu, ta ce in ya gagara a sayo yadi a kanti. Ni dai kunya ta hana ni matsa masa. Takwas suka koɗe. Na taran, wanda ya sha rawaya sau huɗu, bai gusa ba.

Kai ne, Baba, ka tambayi abin da mu masu karatu muka tsallake. Mai hannun shuni, ba ka yarda rana ta ƙaryata ka ba.

Ranar ɗinki, matarsa Inna Saude ta shimfiɗa farin saƙi tsakanin korayen biyu. Na lura Baba ya ja da baya, ya maida hannuwansa bayansa. Na yi ƙarfin hali na tambaye shi dalili.

"Koren ni na yi shi," in ji shi. "Wanga na tsakiya ba a rina shi. Tsare shi ake yi."

Tutar tana makarantarmu yanzu, ta sha rana mako shida, tana nan kore. Mun gode, Baba Arzika. Allah Ya ba da lafiyar baya. Mu kuma da za a miƙa wa ƙasar baɗi, kowa ya shanya aikinsa a rana kafin ya ɗaga, ya kuma duba hannunsa kafin ya taɓa farin.