Badamasi Ba Infoma Ba Ne

Na Allah ne mu, kuma gare Shi za a mai da mu. Ranar Talata, tara ga watan Yulin 2024, 'yan bindiga suka tare wata motar haya a hanyar Ƙanƙara zuwa Faskari, suka buɗe mata wuta. Cikin waɗanda aka kawo gida har da kai, Badamasi, abokina tun muna cin ƙasa, mai shagon tura fina-finai a bakin kasuwar Faskari, wanda duk yankin nan ya fi sani da Gide. Mun yi maka sutura da la'asar ana yayyafi.

Ni ne Harisu, wanda ya riƙe maka kyamara. Ban yi niyyar rubuta komai ba, don baƙin ciki ba ya son yawan magana. Abin da ya tilasta mini shi ne zancen da ya fara yawo tun ba a tashi daga zaman makoki ba, wai kai infoma ne, kana kai wa 'yan daji rahoto, kuka ɓata suka kashe ka. Duk wanda ya san yankinmu ya san nauyin wannan kalma. Gidan da aka liƙa wa ita, ko gishiri ba a zuwa nema a cikinsa. Ka bar matarka Adama da yara biyu, Najiba da Salahuddeen, kuma a garin nan za su ci gaba da zama.

Bari in faɗa wa wanda bai sani ba yadda aka yi. A shekarun da zuwa gona ya koma sai da fargaba, ka zo mini da labarin fim na ban dariya. Na tambaye ka wa ke da bakin dariya yanzu, ka ce ai shi ya sa za a yi. Labarin Gide ne, wanzamin ƙauye, matsoracin da ko ƙadangare ya motsa sai ya yi salati. Ya kamu da son wata yarinya Ummi, ita kuwa ta ce ba ta auren namijin da ke rigan mata shiga ƙarƙashin gado. Sai Gide ya rantse zai shiga daji ya leƙo asirin 'yan bindiga ya kawo wa gari. Ya ɗaura zane, ya ɗora ƙwarya, ya yi shigar mai tallan nono, amma ya ƙi aske gemunsa don Ummi ta taɓa yaba shi. Da aka gane shi, sai aka sa shi ya yi wa ogan sansanin ƙaho, ogan ya dinga kuka yana kiran innarsa. Rahoton da Gide ya kawo wa mai gari ke nan, sai kuma bayanin cewa kajinsu sun fi namu ƙiba.

Masu tsegumi na tambaya, wai ta yaya ka san fasalin sansanin 'yan daji in ba ka saba shiga ba. Ga amsarku. Dajin da kuka gani gonar Baba Mamuda ce, kawun marigayin, a bayan Tafoki, lokacin da dawa ta yi tsawo. Bindigogin katako ne, kafinta ya sassaƙa muka shafa musu baƙin mai. Suna nan a ɗakina, ɗaya ma matata ta mai da ita abin tokare ƙofa. Ogan mai kukan nan malamin firamare ne a Sabuwa. Mun sha tsayar da ɗauka saboda jakin Baba Mamuda ya ƙi yin shiru. Baba Mamuda yana nan da ransa, hanyar Tafoki kuma ba ta ɓace ba.

Fim ɗin ya bi wayoyi daga hannu zuwa hannu har ya cika Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa. Na ga wani mutumin Daudawa da ya daɗe a hannun mutanen nan, ya dawo ba ya magana da kowa, yana kallon fim ɗin a shagonka yana dariya har da riƙe ciki. Ranar na gane abin da kake nufi. Ka ɗauki mutanen da ko sunansu ba mu iya ambata sai da raɗa, ka mai da su abin da yara ke kwaikwayo a bakin rijiya.

Sai dai akwai abin da ba mu hango ba. Tsofaffinmu sun san fim ɗin mutanen birni wasa ne. Amma ganin ɗan gari, yana magana irin tamu, a cikin dawa irin tamu, sai wasunsu suka ɗauka labarin gaske aka ɗauko. Wata rana a kasuwar Sabuwa wata tsohuwa ta riƙe maka hannun riga.

Ta ce, "Kai ne Gide? Ɗan nan, in ka koma dajin ka duba mani saniyata. Ja ce, ƙahonta guda ya karye. Da nononta nike riƙon marayu."

Ka durƙusa ka ce, "Inna, wasa ne. Wallahi ban taɓa shiga dajin nan ba."

Ta dubi hagu da dama, ta rage murya ta ce, "Na sani, ba ka faɗi cikin mutane."

Ba ka yi mata dariya ba. Ka ɗaukar mata kayanta har tasha, ka tambayi sunan ƙauyensu, da muka koma gida ka kwance akuyarka mai shayarwa ka aika mata da ita har da ɗanta. Haka kake. Wanda ya zo shagonka a tura masa karatun Alƙur'ani ba ka karɓar komai a hannunsa, matan da aka koro daga ƙauyuka kuma a wurinka suke cajin waya don neman 'yan uwansu.

Kuskuren tsohuwar nan na mai tsarkin zuciya ne. Shi ne kuma ya faɗa bakin marasa tsoron Allah suka juya shi ya zama ƙazafi. Waɗanda suka harbi motar nan ba su tambayi sunan kowa ba. Tare da kai suka kashe direba da wata mai sayar da barkono, ko su ma infoma ne? Na ji haushi, kuma ba zan ɓoye ba. Mutumin da ya tsaya da fuskarsa a buɗe ya yi wa azzalumai dariya, lokacin da manyan gari ke rufe baki, shi ne yau ake cin namansa a majalisa. Wanda ke da shaida ya fito ya faɗa a gaban mai gari da rana tsaka. Wanda ba shi da ita ya tuna zai haɗu da Badamasi a inda ba a raɗa.

Makon jiya Najiba ta dawo daga Islamiyya tana kuka. Yara sun tashi daga tabarmar da ta zauna, sun ce ba su zama da 'yar infoma. Wasu dattawa, da kyakkyawar niyya, suka ba ni shawara in goge kashi na biyu na fim ɗin, wanda muka ɗauka ba mu kai ga fitarwa ba, wai a bar magana ta mutu. Na je na sami Adama, tana cikin takaba, muka yi magana ta bayan labule.

Ta ce, "Malam Harisu, in muka ɓoye shi, mun yarda gaskiya suka faɗi ke nan. Ku kai shi gidan kallo, ku buɗe ƙofa kowa shi shiga. Ku tahi da Najiba ku zaunar da ita gaba. Ganin ƙarshe da ta yi ma ubanta, a kwance ne. Ina so ta gan shi tsaye."

Haka za a yi, Badamasi, ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci. Ba mu kai ga ɗaukar bikin Gide da Ummi ba, ka ce sai bayan damina. Ba za mu sa wani ya ɗaura zanenka ba. Inda ka tsaya nan fim ɗin zai tsaya, kowa ya kuma san dalili.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Adama, da Baba Mamuda, da dangi na Faskari da Tafoki, da iyalan waɗanda suka rasu tare da kai. Allah ya jiƙan ka, ya yafe maka kurakuranka, ya karɓi shahadarka, ya haskaka kabarinka. Allah ya kawo mana ƙarshen wannan masifa, ya isar maka a kan wanda ya harbe ka da wanda ya yi maka ƙazafi. Allah ya ba Adama haƙuri, ya raya Najiba da Salahuddeen, su girma suna faɗin sunan ubansu da ƙarfi a tsakiyar kasuwa. Amin.