Ranar da Konni Ta Riga Mu Sallah

Ni mutum ne mai tsari, kuma a lokacin har alfahari nake da haka. Aikin sakatariya a Illela ya sa ko aski zan yi sai na sa masa rana. Saboda haka da mahaifina ya ce mini, a farkon wani azumi, ya yi niyyar zuwa ya nemi gafarar wansa, ban tsaya murna ba, biro na ɗauko.

Shekara goma sha ɗaya ba su yi wa juna magana ba, a kan iyakar wata 'yar fadama a Kalmalo. Baffa, wan nasa, yana zaune a Konni cikin Nijar, nan kusa da mu, kuma ciwo ya daɗe da kwantar da shi. Na ce ranar Sallah za a yi, domin ranar ce ƙane ke zuwa gaida wa, kuma ba a korar mai neman gafara. Na kai ɗinkin babbar riga, na kama motar haya, na roƙi limamin unguwarmu ya raka mu. Na aika wa Baffa saƙo ta hannun ɗiyarsa, ya ce ya ji.

Abu guda na manta, wanda kowa a bakin iyaka ya sani: ba kullum muke ganin wata tare da mutanen Nijar ba. A shekarar nan sun gani, mu ba mu gani ba. Muka wayi gari da azumi na talatin a baki, su kuwa suna filin idi.

Baba ya same ni a zaure da hantsi. Ya ce, "Tunda sun yi Sallah, tashi mu tahi."

Na ce, "Haba Baba! Riga tana wurin tela, mota sai gobe, liman ma gobe munka yi da shi. Ga rana, ga azumi, ga shekarunka."

"Mi riga za ta hwaɗa mishi?"

"Ai niyyarka tana nan, Allah ya gani. Kwana guda na."

Ya ce, "Sadda nika niyyar sallah, kabbara ka biyo baya. Ban taɓa yin niyya in koma in zamna ba." Na yi ta kawo dalilai har ya yi shiru. Na ɗauka na yi nasara, har da ɗan jin daɗi, Allah ya yafe mini.

Da azahar ɗiyar Baffa ta kira ni. Ta ce tun da aka sauko idi Baffa ya sa aka fito da shi zaure, an ajiye masa abinci ya ƙi taɓawa, ya ƙi shan magani. Duk babur ɗin da ya wuce sai ya ɗaga kai. Na ce ta gaya masa gobe ƙarfe goma. Ta ce, "Yaya, zo ka hwaɗa mishi da bakinka, ni ban iyawa." Na kashe waya, kuma ban gaya wa Baba ba. Tsoro nake kada shirina ya rushe.

Bayan la'asar na leƙa ɗakinsa, ba shi. Butarsa na nan, sandarsa ba ta nan. Mai shagon bakin layi ya ce ya ga ya hau kabu-kabu ya nufi iyaka, da tsohuwar jamfarsa ta zaman gida. Dattijo mai hawan jini, ko ruwa babu a cikinsa tun asuba, a bayan babur cikin wannan zafi! Na tayar da nawa. Duk hanya idona yana gefen titi, ina neman inda mutane suka yi cincirindo. A shingen iyaka layin ya ƙi tafiya, ni kuwa ina ta faɗa da shi a zuciyata. Gaskiya fushi ya fi tsoron yawa: ya ɓata mini aikin wata guda.

Na iso ƙofar gidan Baffa ina haki. Takalman Baba ne a bakin zaure. Na tsaya ina sauraro, ban ji komai ba, kuma shirun ya fi faɗa tayar mini da hankali. Na leƙa.

Suna zaune a tabarma ɗaya. Baffa ya rame har ban so kallonsa ba, hannunsa yana kan gwiwar Baba. Kwanon abinci yana tsakaninsu a rufe. Ɗiyar ta ce mini a hankali, Baba ya ce yana azumi, Baffa kuwa ya ce ba ya cin abincin Sallah ƙanensa na kallo, zai jira magariba. Ba wanda ya ambaci fadama. Da Baffa ya gan ni ya yi murmushi, ya ce, "Kai na mai takarda? An ce sai gobe ka ba mu izini." Na durƙusa na gaishe shi, kunya ta hana ni ɗaga kai.

Aka kira sallah, suka sa hannu a kwano ɗaya. Baffa loma biyu ya iya. Baba ya ce a nan zai kwana, na hau babur na koma gida ni kaɗai.

Har yau ban daina tsara abubuwa ba, hali ne. Amma na daina ce wa tsari niyya. Wanda na yi ma bai sami tangarɗa ko ɗaya ba: washegari tela ya kawo riga a goge, liman ya iso kan lokaci, mota ta tsaya a ƙofar gida ƙarfe tara daidai. Ita ta kai mu jana'izar Baffa.